Daga Tagumi Zuwa Sambatu: Yadda Labaranmu Ke Zana Wanda Hankalinsa Ke Gushewa

Duk wanda ya saba bin littattafan da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san wannan fage tun kafin a iso shi. An kawo wa yarinya mummunan labari, ko an miƙa mata takardar saki, ko ta ji an ɗaura auren saurayinta da aminiyarta. Sai ta dafe ƙirji, ta ƙwalla ƙara, ta zube sumammiya. A yayyafa mata ruwa, a garzaya asibiti, likita ya fito ya ce jininta ya hau, zuciyarta ta kumbura, in ba a ba ta abin da take so ba komai na iya faruwa. Idan namiji ne, idanu su kaɗa su yi jajir, jijiyoyin kai su miƙe, ya naushi bango ko ya figi mota. In kuwa marubuci ya ga wutar ba ta kama yadda yake so ba, sai ya ƙara itace: a farfaɗo ana dariya ana yaga tufa, washegari ga mutum a kan bola yana tsince-tsince, yara na bin sa da jifa.

Mun karanta wannan ba adadi, mun kuma gan shi a finafinai. Abin tambaya shi ne, da yawan hawayen nan, me ya sa ba kasafai abin ke zaune mana a rai ba? Mukan gama littafin da jarumarsa ta suma sau bakwai, bayan mako guda mu kasa tuna dalilin suma ko ɗaya. Amma mahaifiyar Shaihu Umar, a littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar 1933, har yau tana damun wanda ya karanta ta tun yana aji uku. An sace mata ɗa, ta bi sawunsa ta ƙetare hamada, ta faɗa hannun masu bautarwa, ta rame ta lalace, ba ta sake ganinsa ba sai tana bakin kabari. Marubucin bai ɓata shafuka yana auna mana hawayenta ba. Tafiyar da ta yi ita ce ma'aunin, mu kuma muka auna da kanmu.

Inda ciwo yake ɓuya

Matsalar suma da hawan jini ita ce riga ce da ake sa wa kowa. 'Yar attajiri da 'yar talla, amarya da gwauruwa, mai haƙuri da mai zafin rai, duk hanya ɗaya suke bi su faɗi. A rayuwa kuwa, kowa da yadda baƙin ciki ke cin sa. Wani ya daina magana, wani ya kasa yin shiru. Wata ta kwanta, wata ta tashi ta wanke kayan gidan kakaf har da waɗanda ba su yi datti ba. Idan mai karatu bai ga ciwon ya ɗauki kamannin mai shi ba, to ya san dai an ba shi labari an ji ciwo, amma shi bai ji komai ba.

Abin mamaki, harshenmu bai rage mu da komai ba a nan. Muna da tagumi, muna da jugum, da ajiyar zuciya, da ƙunci, da zullumi, da fargaba, da kiɗima, da ɗimuwa, da waswasi, da sambatu, da zautuwa. Kowace kalma mataki ce, kuma Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin mai tagumi da mai sambatu. Marubutanmu da yawa sukan tsallake matakan nan duka, su ɗauko mutum daga lafiya lau su dire shi a bola cikin sakin layi ɗaya.

Akwai kuma abin da ya sa wannan tsallen ya fi zama baƙo a labarin Hausa. Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da kara da dauriya. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gidan makoki ana tausar mai kuka, ana ce masa addu'a mamaci ke bukata. Mutumin da aka raina a kan haɗiye abu ba ya fashewa a gaban jama'a da sauƙi. Abin yoyo yake yi ta wani gefen da bai lura ba. Aikin marubuci shi ne ya gano gefen.

Abubakar Adam Ibrahim ya gano shi a Season of Crimson Blossoms, wanda ya fito a 2015. Hajiya Binta, mai shekara 55, ta yi rayuwarta ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba, ba ta nuna masa so a fili ba, saboda kunyar ɗan fari. Yaron ya mutu ba ta biya wannan bashi ba. Shekaru bayan haka, ɗan daba ya haura mata katanga, ita kuma ta ga wani abu na ɗanta a tare da shi. Duk abin da ya biyo baya, har da abin kunyar da ya rusa mata mutunci, daga wannan sunan da ba a kira ba ya tsiro. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi, don ya san wata Binta a danginsu. Ga tsananin so da nadama an zana su da kayan gida, ba tare da an kira likita ya tabbatar ba.

Gangara ce, ba rami ba

Gushewar hankali a labari tana kama mai karatu ne idan ya hango ta tana tahowa, shi kuma ba shi da ikon tsayar da ita. Misali mafi bayyana shi ne ɗan gajeren labarin da Nikolai Gogol na Rasha ya fitar a 1835, wanda ya tsara shi tamkar littafin da wani ƙaramin akawu, Poprishchin, yake rubuta abubuwan da suka same shi kullum. Da farko ba ka ganin komai sai ƙorafin ma'aikacin da aka raina: aikinsa fiƙe wa shugaba alƙalami, yana son 'yar shugaban, ya kuma san ba sa'arsa ba ce. Sai wata rana ya rubuta, cikin natsuwa, cewa ya ji karnuka biyu suna hira. Daga baya ya samo wasiƙun da yake ganin karnukan ke aika wa juna, ya karanta a ciki ana yi masa ba'a. Sai ya ga a jarida gadon sarautar Sifaniya ba kowa a kai, abin ya tsaya masa a rai, har ya wayi gari ya gane ai shi ne sarkin.

Dabarar Gogol tana cikin kwanan watan da ke saman kowane shafi. Da fari daidai suke, 3 ga Oktoba da makamantansu. Ranar da ya zama sarki, sai ga 43 ga Afrilu. Daga nan watanni suka rikice, har aka kai inda babu kwanan wata sam. Ba a taɓa tsayawa an ce mana mutumin nan ya haukace ba. Da aka kai shi gidan mahaukata ana kwara masa ruwan sanyi a ka, shi a ganinsa fadar Sifaniya ce da al'adunta masu tsauri. Muna dariya muna dariya, sai a shafin ƙarshe ya kira mahaifiyarsa ta cece shi, dariyar ta maƙale mana a wuya.

Darasin da ke nan ya dace da mu ƙwarai, tunda yawancin labaranmu na yanzu jaruma ce ke ba da su da bakinta. Idan hankalin mai ba da labari ya fara rawa, dole labarin ma ya yi rawa. Ba zai yiwu wadda aka ce tana zautuwa ta ci gaba da jero mana kalar leshinta da jerin abincin da aka girka cikin tsari, sannan a tsakiya ta sanar da mu cewa ta fara fita hayyacinta ba.

Mu ƙaddara wata mata ce ɗanta ɗan shekara shida ya rasu. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, baƙi sun watse, kowa na yaba haƙurinta. Bayan arba'in, ƙanwarta ta zo ta tarar an zuba tuwo a kwano huɗu, alhali mutanen gidan uku ne. Ta ɗauke ɗaya ta mayar tukunya ba ta ce komai ba. Wani zuwan ta ɗanɗana miya ta ce, "Yaya, kamar gishirin nan sau biyu kika zuba." Yayar ta ce, "Haka yake so." Ƙanwar ba ta tambayi wa ba. Wani makon kuma maigidan ya lura da zarar an taso yara daga Islamiyya sai ta fito zaure ta tsaya da tsintsiya a hannu, ba shara take ba. Babu suma a nan, babu yaga tufa, amma mai karatu ya riga ya fara jin tsoro, ya kuma fara tambayar kansa yaushe wani zai buɗe baki ya yi magana.

Mai ciwo yana da hujjarsa

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar mai taɓin hankali a matsayin wanda maganarsa ba kai ba gindi. A kan sa masa surutai barkatai, ya ce shi jirgin sama ne, ya yi rawa, a yi dariya a wuce. Amma sambatun mutum daga rayuwarsa ake ƙera su. Akawun Gogol sarki ya zama saboda raini ne ciwonsa. Matar Macbeth, a wasan Shakespeare, ita ce ta umarci mijinta ya je ya wanke jinin sarkin da ya kashe, tana ganin abu ne mai sauƙi. A ƙarshen wasan ita ce ke tashi cikin barci da fitila, tana ta murza hannuwa, tana wankin tabon da ba wanda ke gani sai ita. Wanda ya bi wasan daga farko ya san daga ina kowace kalma ta sambatunta ta fito.

A adabinmu ma akwai wannan tun da wuri. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, yana cikin rukunin littattafan farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930. Attajiri Malam Shaihu ya aure Zainabu, wadda Abubakar yake so. Abubakar bai suma ba, bai shiga bola ba. Ya bar gida ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya sha wuya iri-iri, har ya samu asirin da ya lalata Kyauta, ɗan da Zainabu ta haifa. Yaron ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa. Babu wanda zai kira Abubakar mahaukaci a ma'anar kasuwa. Yana magana daidai, yana shiri, yana lissafi. Amma tunani guda ya cinye duk sauran tunaninsa, har ya ga daidai ne jariri ya biya bashin da bai ci ba. Kowane mataki da ya taka yana da hujja a wurinsa, kuma wannan ne ke sa tsigar jiki tashi. Irin wannan lalacewar zuciya ta fi yawa a cikinmu fiye da ta mai tsince-tsince, ta kuma fi wuyar rubutawa.

Idon jama'a

Ba mai ciwo kaɗai ke cikin labarin ciwonsa ba. Chinua Achebe yana da wani gajeren labari, The Madman, cikin tarin da ya fitar a 1972. Nwibe magidanci ne mai rufin asiri, yana shirin karɓar sarautar gargajiya ta ozo. Ranar kasuwa ya tsaya wanka a rafi, wani mahaukaci ya ɗauke masa zane ya ɗaura ya ruga. Nwibe ya bi shi tsirara, yana ihu a tare masa mahaukaci, har cikin kasuwa. Jama'a suka duba: ga mai zane a gaba, ga tsirara a baya yana kururuwa. Wa za su kama? Aka ɗaure Nwibe, aka kai shi wurin mai magani, aka ce ya warke. Amma daga ranar ya zama mutum mai shiru-shiru, kuma da ya sake tayar da maganar sarautar, manya suka kau da zancen cikin ladabi.

Lafiyar Nwibe ƙalau ranar da ya shiga kasuwa. Hukuncin jama'a ne ya karya shi. Mu ma muna da irin wannan hukunci, tunda mukan ce mai hauka ba ya warkewa sai dai ya samu sauƙi. Da wannan magana ake fasa aure, ake hana mutum riƙon dukiyarsa, ake yi wa zuriya tambari. Labarin da ya zana mai ciwo ya manta da masu kallonsa ya bar rabin gaskiya a waje. Ina uwar da ke ɓoyewa don kada a ƙi auren ƙannen? Ina mijin da ya gaji? Ina maƙwabciyar da ke leƙowa da sunan sannu? Ina kawun da ya ce a kai Dawanau, da gwaggon da ta ce sam, wannan aikin mutum ne?

A Born on a Tuesday na Elnathan John, almajiri Dantala ya koma ƙauyensu ya tarar ambaliya ta tafi da ƙannensa mata tagwaye, mahaifiyarsa kuma ta daina magana. Ba mu taɓa shiga cikin kanta ba. Ta idon ɗan da ya zo da ɗokin a gane shi muke ganinta, da ta hannun matar da ke ɗawainiya da ita. Shirun nata ya fi kowace kururuwa nauyi saboda mun ga wanda shirun yake faɗowa a kansa.

A nan ne maganar aljanu da sihiri ke shigowa, kuma ba ma cewa a cire su daga labari. Suna cikin imanin mutanenmu da hirarsu ta kullum, labarin da ya yi kamar babu su ya yi ƙarya. Inda gizo ke saƙa shi ne marubuci ya mai da su makunnin lantarki: kishiya ta binne laya, hankali ya ɗauke; an tono laya, hankali ya dawo, ba tabo ba saura. A littafin Abubakar Adam akwai Fa'iza, yarinyar da aka kashe mahaifinta da ɗan'uwanta a gabanta a rikicin Jos. Ba ta iya ganin jini, nama ma tayar mata da hankali yake, ta fake a cikin littattafan soyayya da mafarkin taurarin fim. Da abin ya tsananta, mutanen gida suka fara zargin aljanu, kamar yadda za a yi a kowane gida namu. Marubucin ya bar su da fahimtarsu, bai yi musu ba'a ba, amma ya riga ya nuna wa mai karatu abin da idon yarinyar ya gani. Mutanen cikin labari suna da damar su ruɗe. Marubuci ne ba shi da damar ya fake da ruɗewarsu don ya huta da aikin gina dalili.

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce ai labari ne, nishaɗi ake nema, kuma mai sakin shafi kullum dole ya ajiye abin da zai sa a dawo gobe. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne riƙe masu karatu wata uku a waya. Sai dai kwano na huɗun nan ya fi suma riƙe mai karatu. Suma takan ƙare da an yayyafa ruwa. Kwanon kuwa yana nan gobe, yana nan jibi, ana jiran ranar da za a tanka.

Akwai kuma dalilin da ya wuce gwaninta. A labaranmu da yawa hauka hukunci ne. Muguwar kishiya, uwar miji mai bin bokaye, azzalumin attajiri, ƙarshensu bola. Mai karatu ya ji sanyi, an yi adalci. To amma wane darasi ya ɗauka game da matar da ke yawo a bakin tasharsu? Cewa wani abu ta shuka. Haka tsohuwar da gigin tsufa ya kama, tana kiran matattu, tana fita da dare tana ɓata hanya, tana amsa laifin da ba ta yi ba: a labari abar dariya ce ko mayya, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke cin tunani sannu a hankali. Ba mu cika ganin labarin da ya zauna da irin wannan tsohuwa ba, ya nuna ranar da ta kalli ɗiyar da ta haifa ta gaishe ta da ladabi irin na baƙuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa da na fargaba. A Najeriya sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka takan canja a takarda, amma hoton da ke kan mutane labari ne ke zana shi. Cikin masu karanta mu a waya da tsakar dare akwai mai jegon da ta kasa jin son jaririnta tana tsoron faɗa, akwai saurayin da ya daina fita daga ɗaki, akwai wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga amma barci ya gagare shi. Idan duk abin da adabi ya nuna musu shi ne lafiya lau ko bola, za su duba su ga ba su kai bola ba, su ci gaba da haɗiyewa. Idan kuwa suka ga mai kama da su, yana zuwa aiki, yana sallah, yana amsa gaisuwa da lafiya lau alhali ciki na ci da wuta, wataƙila su sami kalmar da za su faɗa wa wani.

Warkewa ma tana bukatar gaskiya. Wanda ya dawo daga irin wannan tafiya yakan dawo da tabo: maganin da ake sha kullum, ranar da abin ke motsawa, kunyar haɗuwa da waɗanda suka gan shi a wancan hali, da mutum ɗaya ko biyu da suka tsaya. Wannan kaɗai ya isa littafi guda, kuma har yanzu fili ne da ba a cika nomawa ba a Hausa.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga marubuci, a tambayi har da hannu, da kwanon abinci, da raka'ar da aka manta, da sunan da aka kasa kira. Kafin a sake sumar da wata jaruma, yana da kyau mai alƙalami ya tsaya ya tambayi kansa: wannan yarinyar, ita kaɗai ba wata ba, me za ta yi da safiyar da ta biyo bayan labarin, bayan ta idar da sallah, gida ya yi tsit, kuma dole a hura wuta?